Ɗigon fitsari bayan haihuwa: na'urar lantarki tana ƙarfafa tsokar ƙasan mara kuwa?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Shekaruna 39, haihuwata shida. Tun bayan haihuwar ƙarshe, in na yi tari ko atishawa ko dariya mai ƙarfi, ko na ɗaga bokitin ruwa, sai fitsari ya ɗigo mini, wani lokaci har a ruku'u. Na ga ana tallar wata ƙaramar na'ura mai batir a Instagram, wai ana sa ta a gaba tana jan wurin da lantarki har ya yi ƙarfi. Da gaske tana aiki? Ba za ta taɓa mahaifa ba? In saya?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba ki lafiya, ya raya zuri'a. Kin kyauta da kika tambaya, domin mata da yawa suna ɗauke da wannan matsala shekara da shekaru ba su faɗa wa kowa ba, suna ta canza zani suna sabunta alwala, suna ganin ai haka haihuwa ta gada.

Na'urar ba ƙarya ba ce. Muna aiki da irinta a sashen fisiyo, wanda mutane suka fi sani da gashin ƙashi. Amma shawarata ita ce kada ki saya tukuna. Yawancin mata masu irin abin da kika kwatanta ba ita ce buƙatarsu ta farko ba. Akwai waɗanda take yi wa amfani ƙwarai, sai dai ba a gane ko mace tana cikinsu ta waya ko ta hoton talla, sai an duba ta.

A ƙasan ƙugu akwai tsoka shimfiɗe daga ƙashin mara ta gaba zuwa ƙashin wutsiya ta baya. Ita ke tallafe da mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji, kamar yadda majanyi ke tallafe da goyo. Hanyar fitsari da gaba da dubura duk ta cikinta suka ratsa. Idan kika yi tari, nauyin cikinki yana dannowa ƙasa a kan mafitsara, tsokar nan kuma tana matsewa nan take ta rufe hanyar fitsari tun kafin nauyin ya iso, ba tare da kin yi tunani ba. Ciki da naƙuda suna miƙar da ita, wani lokaci su yaga wani sashe nata, kuma kan jariri yana danne jijiyar da ke kai mata saƙo daga laka. Bayan haihuwa shida, ba abin mamaki ba ne ta yi rauni, ko ta riƙa makara wajen matsewa. Abin da kika kwatanta ya yi kama da wannan: fitsarin da ke kuɓucewa idan an matsa wa ciki.

Amma ba kowace zubar fitsari ce haka ba, kuma a nan ne masu talla ke cutar da mutane. Akwai wadda tsokarta lafiya lau, mafitsarar ce ke matsewa da kanta ba a ba ta izini ba. Ita wannan fitsari ke kama ta farat ɗaya, kafin ta kai banɗaki ya zubo, ga yawan tashi da dare. Akwai mai haɗe da biyun. Akwai wadda mafitsararta ba ta juye fitsari duka, sai ta cika ta riƙa ambaliya kaɗan-kaɗan, abin da ake gani ga wasu masu ciwon suga ko matsalar laka. Sannan akwai yoyon fitsari, wanda a ƙasarmu dole a ambace shi a duk maganar da ta shafi wannan. Mai yoyon fitsari ɓula ce ta samu tsakanin mafitsara da gaba, galibi sakamakon doguwar naƙuda, wani lokaci bayan tiyata ko yankan gishiri. Fitsarinta yana zuba dare da rana, tana zaune ko tana kwance, ko ta yi tari ko ba ta yi ba. Wannan ba ta da abin yi da na'ura, ɗinki take buƙata, kuma akwai cibiyoyin da ke wannan aikin: Babbar Ruga a Katsina, cibiyar Laure a asibitin Murtala na Kano, Ningi a jihar Bauchi, Jahun a Jigawa, da Danja kusa da Maraɗi a Nijar. Ina jin zafin in ga an sayar wa irin wannan mace na'urar dubban nairori alhali abin da zai warkar da ita yana asibiti. Bayan an yi ɗinkin ɓular ta rufe, wasu suna ci gaba da ɗan ɗigo, to a nan ne fisiyo ke shigowa, da izinin likitan da ya yi aikin.

Yadda na'urar ke aiki ba wani abin al'ajabi ba ne. Ko da can, ƙwaƙwalwa da ƙaramin lantarki take aika wa tsoka saƙo ta jijiya. Na'urar tana aika irin wannan saƙo daga waje, jijiyar ta ɗauka, tsokar ta matse ko kin so ko ba ki so ba. Tunanin ya daɗe, tun 1963 wani likitan tiyata a Ingila mai suna Caldwell ya gwada dasa wayoyi a jiki don wannan manufa. Na yau ƙananan akwatuna ne da ke shiga tafin hannu, da waya da ke haɗe da wata 'yar sanda ta roba mai tsawon kamar yatsa, da faranti biyu na ƙarfe a gefe da gefe.

Ga yadda zaman yake a asibiti. Za ki fara yin fitsari, ki kwanta rigingine da filo a ƙarƙashin gwiwa, a rufe ki da mayafi. Ana shafa wa sandar man nan mai ruwa-ruwa da ake amfani da shi wajen sikanin, ba basilin ba, domin basilin yana tare lantarkin. Ke da kanki za ki iya sa ta, farantan ƙarfen suna kallon dama da hagu. Ana farawa daga sifili a ƙara kaɗan-kaɗan. Da farko ba za ki ji komai ba, sai ki fara jin wani tsikari kamar tafiyar kiyashi, daga nan sai ki ji wurin ya tattaru ya ɗago sama da kansa na daƙiƙa biyar, ya saki na daƙiƙa goma, ya sake. A nan ake tsayawa da ƙarin ƙarfi, inda tsokar ke amsawa amma babu zafi. Zaman yakan ɗauki minti 15 zuwa 30. Lokacin hutun nan tsakanin matsa da matsa ba ɓata lokaci ba ne. Tsokar da ta yi rauni tana saurin gajiya, in aka hana ta hutu sai mace ta tashi ɗigon ya fi na da.

Lantarkin kansa kaɗan ne ƙwarai, daga batir yake fitowa, ba irin na soket ba ne, kuma ba ya girgiza mutum. Game da mahaifa da kika tambaya, ga macen da ba ta da ciki kuma aka duba aka ga babu abin da ya hana, abin da aka fi gani na illa shi ne ɗan raɗaɗi ko ƙaiƙayi a wurin, ciwon tsoka idan an wuce kima, da sanyin mata idan ba a wanke sandar da kyau ko aka yi tarayya da wani a kanta. Mai ciki kuwa, ko wadda ke zaton ta samu, ba ta amfani da ita sam.

Akwai wani abu da masu sayarwa ba sa bayani, wato yawan bugun lantarkin a daƙiƙa ɗaya, wanda za ki ga an rubuta Hz a jikin na'urar. Don ƙarfafa tsoka ana sa shi wajen 35 zuwa 50. Don kwantar da mafitsara mai yawan matsewa ana sauko da shi ƙasa sosai, wajen 10, domin a can ba tsokar ake nema ba, jijiyoyin da ke lallashin mafitsara ta daina zumuɗi ake taɓawa. Na'ura ɗaya ce, amma aiki biyu ne mabambanta. Wadda ta saya ta danna shirin da ta ga dama ba tare da ta san irin matsalarta ba, tana iya shafe watanni a kan shirin da ba nata ba, ta ce abin bai yi ba.

To me bincike ya nuna? Wanda na fi so in kawo miki shi ne na ƙasar Norway, wanda Farfesa Kari Bø da abokan aikinta suka wallafa a 1999. Sun ɗauki mata 107 masu irin ɗigonki, suka kasa su gida huɗu na tsawon wata shida. Kashi ɗaya suna atisayen matse tsokar da kansu tare da mai koyarwa, kashi ɗaya suna amfani da lantarki minti 30 kullum, kashi ɗaya suna riƙe wasu 'yan ƙananan nauyi a gaba, na ƙarshe ba a yi musu komai ba. Da aka gama, cikin mata 25 masu atisaye, 14 suka ce matsalar ta daina damunsu. Cikin 25 masu lantarki, uku ne kawai suka ce haka. Bitar da Cochrane, ƙungiyar da ke tace sakamakon binciken lafiya, ta yi a 2017, wadda ta tattara gwaje-gwaje fiye da hamsin, ta nuna cewa lantarki ya fi zama haka nan ba magani, amma ba ta samu hujjar cewa ya fi atisaye ba. Shi ya sa hukumar NICE ta Ingila, mai tsara ƙa'idojin kula da marasa lafiya, a ƙa'idojinta na 2019, ta ce a fara da atisaye ƙarƙashin kulawar ma'aikacin lafiya na aƙalla wata uku, kada a riƙa haɗa wa kowa lantarki, a ajiye shi don matan da ba sa iya matse tsokar da kansu.

Dalilin a fili yake ga duk wanda ya yi aiki da tsoka. Ba ƙarfi kaɗai kike nema ba, kina neman tsokar ta matse a daidai lokacin da tari ya taho, kuma wannan sabo ne tsakanin ƙwaƙwalwa da tsoka. Na'ura tana matse miki tsokar kina kwance kina duba waya, amma ba ta tare da ke lokacin da atishawa ta zo miki a kasuwa. Shi ya sa ko waɗanda muke sa wa lantarki muna ce musu su riƙa matsewa tare da shi duk sanda suka ji ya ja, don ƙwaƙwalwa ta gane hanya.

Wannan ya kawo mu ga matan da na'urar ke yi wa rana, kuma ba kaɗan ba ne. Akwai macen da za ka ce ta matse, ta yi iya ƙoƙarinta, fuska ta tamke, ta danne numfashi, ta matse cinyoyi da ɗuwawu, amma yatsan mai dubawa bai ji ko motsi ba. Wata ma yunƙuri take yi ƙasa kamar mai naƙuda, tana zaton daidai take yi. Wani bincike a Amurka a 1991 ya gano cewa bayan bayanin baki kawai, kusan rabin mata ne suka yi matsewar daidai, kashi ɗaya cikin huɗu kuma suna yin abin da zai iya ƙara musu ɗigon. Muna auna ƙarfin tsokar da maki daga 0 zuwa 5. Mai 0 ko 1, wato babu motsi ko ɗan ɓalɓal kawai, ita ce mai na'ura. Ranar da lantarki ya ɗago mata tsokar a karon farko, sau da yawa za ka ji ta ce, "Au, ashe nan ne wurin!" Daga nan aiki ya fara. Bayan wasu makonni, idan ta iya matsewa da kanta ta riƙe, sai a riƙa janye na'urar a bar ta da atisaye.

Kafin ki je asibiti kina iya gwada kanki. Ki kwanta, ki saki ciki da cinyoyi, ki yi kamar kina riƙe iska kada ta fita a cikin mutane, sannan ki jawo matsewar zuwa gaba kamar kina tsayar da fitsari. Ki sa yatsa mai tsabta a gaba, ya kamata ki ji an rungume shi an ɗan ja shi ciki. In kin duba da madubi, fatar da ke tsakanin gaba da dubura za ta shige ciki, ba ta ɓullo waje ba. Kina numfashi kamar kullum. In kin ji wannan, ko da kaɗan ne, kina da abin ginawa a kai. Ki matse ki riƙe gwargwadon iyawarki, ko daƙiƙa uku ne, ki saki gaba ɗaya ki huta kamar haka ko fiye, ki maimaita aƙalla sau takwas, sau uku a rana. A hankali ki kai riƙon zuwa daƙiƙa goma, ki ƙara da 'yan matsa masu sauri a ƙarshe, ki tashi daga yi a kwance zuwa a zaune, sannan a tsaye. Wannan ne atisayen da ake kira Kegel, da sunan likitan mata na Amurka Arnold Kegel da ya bayyana shi a 1948. Na kan ce wa mata su ɗaura shi a kan sallolin Asuba da Azahar da Isha'i, bayan an sallame, domin mantuwa ce ke kashe shi, ba wahala ba. Kada ki mayar da tsayar da fitsari a banɗaki ya zama atisayenki, yana hana mafitsara juyewa duka. Kuma tun daga yau ki fara wata dabara mai saurin amfani: duk sanda kika ji tari ko atishawa na tahowa, ko za ki ɗaga bokiti ko yaro, ko za ki sunkuya ruku'u, ki riga shi matsewa ki riƙe har ya wuce. Mata da yawa suna ganin ragi da wannan kaɗai cikin 'yan kwanaki. Ƙarfin tsoka na sosai kuwa sai an yi haƙurin wata uku zuwa shida.

Idan an duba aka ce na'urar ta dace da ke, akwai waɗanda ba a sa wa ita, kuma ki karanta wannan da kyau ko don wata. Ban da mai ciki, akwai wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji, da mai ciwon sanyi na gaba ko na mafitsara har sai ta warke, da mai zubar jinin da ba a san dalilinsa ba, da mai ciwon daji a mahaifa ko mafitsara ko hanji, da wadda wurin ya mutu ba ta jin taɓi, domin ba za ta san an wuce kima ba. Mai jego tana jira ta wuce mako shida aƙalla, jini ya ɗauke, ɗinki ya warke, a duba ta. Mai farfaɗiya, da wadda aka yi wa tiyata kwanan nan, da mai robar tazarar haihuwa ta cikin mahaifa, da wadda mahaifarta ta sauko sosai, duk sai likita ya amince. Ba a yi lokacin al'ada. Akwai kuma matan da tsokarsu ba rauni ta yi ba, ƙamewa ta yi ta kasa saki, alamarsu zafi wajen saduwa da ciwon mara da wahalar fara fitsari. Waɗannan in aka ƙara musu matsi sai abin ya ta'azzara, saki ake koya musu. Budurwa, ko duk wadda ba ta son a sa mata wani abu a ciki, akwai hanyar manna 'yan faifai a fata ta waje, kuma kina da haƙƙin ki nemi mace ta duba ki.

Ga wadda matsalarta ta matsuwar gaggawa ce, lantarki yana da wata hanya da ba ta kusanci gaba ba ma. Akwai jijiyar da ke wucewa ta bayan idon sawu ta ciki, wadda tushenta a laka yake kusa da na jijiyoyin mafitsara. Ana tsira siririyar allura ko a manna faifai kamar yatsa uku sama da idon sawun, a ƙara lantarki har babban ɗan yatsan ƙafa ya lanƙwashe ko tafin ƙafa ya ɗauki tsikari, minti 30 sau ɗaya a mako har mako 12. A wani gwaji na mutum 220 da aka wallafa a Amurka a 2010, kusan kashi 55 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa na gaske sun ce sun samu sauƙi matsakaici ko mai yawa, idan aka kwatanta da kusan kashi 21 na waɗanda aka yi wa na kwaikwayo. Shi ma ba da shi ake farawa ba, ana fara horar da mafitsara ta hanyar tsawaita tazarar zuwa banɗaki kaɗan-kaɗan na aƙalla mako shida, sannan magani. Maza ma suna cikin wannan magana, musamman bayan tiyatar furostet, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, su ta dubura ake sa sandar ko a manna faifai, kuma ƙa'idar ɗaya ce, atisaye ne tushe.

Wani abin da ke damuna da tallan da kika gani shi ne yadda ake cuɗa shi da harkar kayan matsi. Abin da ake cusawa a gaba don wai ya matse, bushewa da kumburi yake jawo wa fatar wurin, ba ya taɓa tsoka, kuma fatar da ta bushe ko ta tsage ita ce ke ƙuna idan lantarki ya bi ta kai. Ki bar su gaba ɗaya. In har za ki saya, ki je da na'urar wurin likitan fisiyo ta saita miki. Ki nemi wadda aka rubuta adadin Hz na kowane shiri, wadda ake ƙara ƙarfinta mataki-mataki, mai takardar bayani da sunan kamfani. Sandar taki ce ke kaɗai, a wanke ta da ruwa da sabulu marar ƙamshi, a shanya. Kada a yi amfani da ita tana jone da caji.

Sannan ki dubi abubuwan da ke danne tsokar kullum, domin ba za ta murmure ba ana ta yi mata lodi. Taurin bayan gida da yunƙurin da yake sawa na kan gaba, sai tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, wanda shi kansa yana buƙatar gwaji, sai ƙiba. Shayi mai kauri da kofi da goro da lemon kola suna tsokanar mafitsara. Kada ki rage shan ruwa don gudun ɗigo, fitsarin da ya yi kauri ya fi tayar da mafitsara, kuma yana ƙara taurin bayan gida. Maganar alwala kuwa ki tambayi malamai a kan hukuncin salasul bauli, wato ɗigon fitsarin da mutum ba ya iya riƙewa, akwai sauƙi a cikinsa, kada waswasi ya hana ki jam'i ko shiga mutane.

Ki fara da asibiti, Hajiya. A gwada fitsarinki da sugan jininki, a duba ko mahaifa ko mafitsara ta sauko, a tura ki fisiyo a auna tsokar. Ki je da rubutu na kwana uku: abin da kika sha, sau nawa kika yi fitsari, yaushe ya ɗigo kuma me kike yi a lokacin. Idan kin ga jini a fitsari, ko zazzaɓi da ciwon kwiɓi, ko fitsari ya ƙi fita, ko ƙafafu da tsakanin cinyoyi sun fara mutuwa, wannan na ranar ne, ba na jira ba. In kin yi wata uku cur kina atisaye daidai, da na'ura ko babu, ba ki ga canji ba, ki koma wurin likitan mata. Akwai zoben roba da ake sawa ya tallafi hanyar fitsari, akwai kuma tiyata, wadda aka fi so a yi bayan mace ta gama haihuwa, don haka ki faɗa masa ko kina da niyyar ƙara haihuwa. Allah ya sawwaƙe, ya ba ki lafiya mai ɗorewa.